Baƙo Daga Kamfanin Inshora

"Ajiye rezar nan," in ji Intisar daga bakin ƙofar banɗaki.

Ratib ya dube ta ta cikin madubi, kumfa ta rufe masa rabin fuska. Hannunsa na hagu yana dafe da bango, domin ƙafarsa ta dama ta daɗe da daina riƙon amana.

"Baƙo fa za mu yi, Ummu Ziyad."

"Wane baƙo? Likitan inshora ne. Aiki aka turo shi, ya zo ya ga ko kana da lafiya ko ba ka da ita. Kai kuma tun asuba ka tashi kana shiri kamar ango."

"To so kike in tarbe shi kamar wanda aka sako daga kurkuku?"

"So nake ka tarbe shi yadda nake ganinka kullum."

Ya miƙa mata rezar. Ita ta jiƙa tawul ta goge masa kumfar, ta bar masa gemun kwana ukun yadda yake, fari da baƙi a cakuɗe.

Shekara goma sha tara Ratib ya yi yana gyaran lif a dogayen gine-ginen Amman. A unguwarmu da ke garin Salt abin tsokana ne: mutumin da ke kai masu kuɗi hawa na talatin ba tare da sun ɗaga ƙafa ba, shi gidansa sai ka hau matakalar dutse sittin da huɗu kafin ka ga ƙofarsa. Gidan mahaifinsa ne, kuma ko a mafarki bai taɓa tunanin barinsa ba.

Ciwon ya fara masa shekara huɗu da suka wuce. Da ido ya fara, ya wayi gari yana ganin hazo-hazo, sannan ya sauka ƙafa. Likitar jijiya ta ce sunan cutar Em Es, ta yi ta kewaye-kewaye tana neman yadda za ta fahimtar da shi cewa jiki ne da kansa yake cinye rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi. Ratib ya katse ta, ya ce ya gane, ai kamar wayar lantarki ce da ɓera ya ci robarta. Ya san irin wannan waya sarai. Yau wuta ta wuce, gobe ta ƙi, kuma ranar da mai gida ya kira ka ka zo ka duba, ranar take aiki lafiya lau.

Shekara uku ya ɓoye wa kamfani. Abin da ya tona shi sifana ce, ta sulale daga hannunsa a cikin ramin lif ba tare da ya ji ta fita ba, ta sauko hawa goma sha ɗaya ta dira kusa da kan abokin aikinsa. Babu wanda ya kore shi. Shi ya je ofis da ƙafarsa ya ce ba zai sake shiga rami ba. Albashin jinya ya ƙare a watan jiya. Abin da ya rage musu a duniya shi ne inshorar da kamfani ya yi wa ma'aikatansa: idan likitan inshorar ya tabbatar mutum ba zai iya aiki ba, za a riƙa ba shi wani kaso na albashinsa duk wata har ya cika shekara sittin. Idan kuma likitan ya rubuta cewa zai iya, shi ke nan, sai bayan shekara a sake duba maganar. Ɗansu Ziyad yana aji biyu a jami'a a Irbid, kuma Intisar ba ta da wata sana'a sai kula da Ratib.

Saboda haka tun daren jiya take ba shi karatu, yanzu ma a falo ta sake maimaita masa. Ta zaunar da shi a kujerar da ke kusa da taga, ta ajiye sandarsa ta ƙarfe mai ƙafa huɗu a gefensa inda duk wanda ya shigo zai gani.

"Ba za ka tashi ba. In ya tambaye ka jiki, kada in ji ka ce da sauƙi. Gahawa ni zan zuba. Maganar fitsari kuma..."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Ita ce babbar. Ka gaya masa yadda abin yake."

"Na ce na ji, haba! Yaro ne ni?"

"Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta."

Wani abin haushi, ranar ta zo masa da sauƙi. Garin ya tashi da ɗan sanyi, ya yi barci mai kyau, ƙafar ma tana jin magana. Sati biyu rabonsa da safiya irin wannan. Da wata rana ce da ya yi murna.

Wajen ƙarfe goma da rabi suka ji takun mutum a matakala, yana tafe yana tsayawa. Intisar ta tafi buɗe ƙofa. Ratib ya dubi sandar, ya dubi hoton mahaifinsa da ke jikin bango da jan rawani, ya sake duban sandar. Kafin ya gama shawara da zuciyarsa hannunsa ya riga ya tura ta bayan labule.

"Salamu alaikum, mutanen gida!"

A garinmu mutum biyu ne kawai ke amsa sallamar baƙo a zaune, tsoho tukuf da wanda ba shi da tarbiyya. Ratib bai san lokacin da ya miƙe ba. Sai ganinsa aka yi a tsaye, hannu a miƙe, murya cike da falo.

"Wa alaikumus salam! Maraba, maraba, gida ya yi haske. Bismillah, nan za ka zauna, a'a, nan sama."

Likitan saurayi ne da bai fi shekara talatin ba, sunansa Hazim, da kwamfutar hannu a hammata, yana ta haki. Intisar ta shigo bayansa. Ta dubi mijinta a tsaye, ta dubi wurin da ta bar sandar. Ratib ya gane wannan kallon, ya kuma san zai biya shi daga baya.

"Wannan matakala taku, Abu Ziyad," in ji likitan yana share gumi, "wallahi sau biyu na tsaya ina kalmar shahada."

"Likita ɗan ina ne?"

"Karak."

"Ai shi ya sa! Ku mutanen Karak mansaf ɗin nan naku, shinkafa da naman rago, ya gama da ku. Kun ci nama kun sha miya, tudu ɗaya sai ku nemi motar asibiti."

Likitan ya yi dariya har da dukan cinya. "Ka ga laifinmu? Allah ne ya ba mu. Amma kakata kullum cewa take babu kamar mutanen Salt wajen karɓar baƙo, wai a da ko otal ba ku da shi don abin kunya ne a wurinku. Na ce to, yau zan ga zahiri, ko labari ne irin na tsofaffi."

Wasa yake yi, bawan Allah, irin wasan da ake yi don a saki jiki. Bai san abin da ya taɓo ba.

Intisar ta kawo tire da butar gahawa ta tagulla da finjalai uku. Ta sunkuya za ta ɗauki butar, sai ta ga hannun mijinta a kanta. Suka haɗa ido. A gaban baƙo mace ba ta ja-in-ja da mai gida, wannan ita ma da shi aka raine ta. Ta saki, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Gahawa tana da dokokinta. Mai gida ne ke zubawa, kuma a tsaye. Buta a hannun hagu, finjali a dama. Shi zai fara kurɓar na farko don baƙo ya san ba ta huce ba, sannan ya zuba ɗan kaɗan ya miƙa, ya tsaya yana jira. In baƙo ya dawo da finjali a haka, a ƙara masa. Sai ya girgiza shi sannan mai gida ya san ya ƙoshi, ya samu damar zama.

"Don Allah ka zauna, Abu Ziyad," in ji likitan.

"A gidan nan ba a zuba gahawa a zaune."

Ya zuba, ko ɗigo bai zube ba. Abin da likitan bai gani ba shi ne yadda Ratib ya kulle gwiwarsa ta dama, ya jingina ƙugunsa da hannun kujera a fakaice. Yatsunsa ba sa gaya masa komai, ji yake kamar ya sa safar hannu mai kauri, don haka da ido yake riƙe da finjalin. In ya ɗauke kai daƙiƙa ɗaya ya san a ƙasa za a tsince shi.

Likitan ya kurɓa ya lumshe ido. "Kai! Wannan ita ce gahawa." Ya miƙo finjalin bai girgiza ba, hankalinsa ya tafi kan kwamfutarsa. Ratib ya ƙara masa.

"To, yaya ƙafar?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Intisar ta yi tari daga bakin ƙofa.

"Kana faɗuwa?"

"Ɗan tuntuɓe dai, irin na kowa."

"Sau uku a watan nan, likita," in ji Intisar. "Ɗaya a banɗaki, sai da na kira maƙwabci muka ɗaga shi."

"Santsin sabulu ne," in ji Ratib da dariya. "Ka san mata, in ka yi atishawa sai su fara neman likkafani."

Likitan ya yi murmushi irin na wanda ba ya son shiga tsakanin miji da mata, ya rubuta wani abu. Ya sake miƙo finjali. Ratib ya zuba na uku. Ya lura likitan ya saci kallon agogo, ya dube shi a tsaye, ya sake rubutu. Ya fahimci abin da ake rubutawa, amma finjali yana hannun baƙo, ba halin zama.

Likitan ya rage murya. "Ka yi haƙuri da wannan tambayar, dole ce. Fitsari fa? Kana iya riƙewa?"

Kunnuwan Ratib suka ɗauki zafi. Amsar tana bakinsa, ya haddace ta tun jiya: ledar da Intisar ke shimfiɗawa a ƙarƙashin zanen gado, wandon da take sa masa a jaka duk inda za su, sallar Juma'ar da ya daina zuwa tun ranar da ya fito daga sahu da gudu. Amma yaya zai faɗi wannan ga ɗan Karak da ke riƙe da finjalin mahaifinsa, ƙamshin gahawarsa yana bakinsa?

"Babu matsala," ya ce.

Intisar ta juya ta shige kicin. Suka riƙa jiyo ƙarar tukwane, ba kuwa girki take ba.

A nan ne likitan ya girgiza finjali, Ratib ya zauna. Kuma a yi wa yaron adalci, bai zo da mugunta ba. Ya ajiye kwamfutar a cinyarsa ya dubi Ratib sosai.

"Abu Ziyad, bari in gaya maka gaskiya. Hotunan asibiti sun nuna tabo a laka da ƙwaƙwalwa, wannan babu musu. Amma kamfani ba hoto yake tambaya ba, tambayarsa ita ce me mutum yake iya yi. Ni kuma abin da na gani da abin da ka gaya mini su zan rubuta. Yau da yamma in na koma ofis zan tura rahoton. In akwai wani abu, yanzu ne lokacinsa."

Ƙarar tukwane ta tsaya cak a kicin.

Ratib ya buɗe baki. Har ga Allah ya yi niyya. Sai dai ya riga ya yi nisa, in ya juya yanzu ya zama maƙaryaci a gaban baƙonsa, ga kuma abin kunyar da ya ɓoye a kai. Ya ce akwai dai gajiya, musamman lokacin zafi. Likitan ya rubuta gajiya. Ya sa shi ya taɓa hancinsa da yatsa, ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ratib ya yi ta maza ya yi duka, haƙoransa a cije, fuskarsa da murmushi.

Da likitan ya miƙe zai tafi, Ratib ya rantse sai ya tsaya cin abincin rana. Likitan ya rantse yana da gida biyu a gaba. Sai da aka yi haka sau uku kamar yadda aka saba. Likitan ya ajiye katinsa a kan tire, Ratib ya ɗauka ya sa a aljihun riga, ya bi bayansa.

"A'a, a'a, ka tsaya daga nan," in ji likitan a bakin ƙofa.

"Baƙona ya sauka shi kaɗai? Sai dai in ba a Salt muke ba."

Intisar ta riƙo gefen rigarsa ta baya. "Ratib," ta ce a hankali, "don girman Allah."

Shekara da shekaru rabon da ta kira shi da sunansa a inda wani zai iya ji. Ya ji abin har cikin ransa, amma can ƙasa ya hango dattawan unguwa uku zaune a ƙofar shagon mai kayan miya, kuma duk sun ga shigowar baƙo. Ya zare rigarsa daga hannunta.

Sauka ta fi hawa sauƙi. Ya bi jikin bango, tafin hannunsa a kan dutse kamar mai nuna wa baƙo ginin kakanni, kuma haka ya yi, ya riƙa tsayawa yana ba da tarihin kowane gida don ƙafar ta huta. Rana ta riga ta ɗaga, sanyin safe ya gudu, zafi yana tasowa daga duwatsun. Ya ji shi yana shiga jikinsa, ya kuma san abin da zafi yake yi masa.

A bakin mota likitan ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Wallahi na ji daɗi, Abu Ziyad. Da na karanta fayil ɗinka na ɗauka a kwance zan same ka. Ga shi ka fi ni ƙarfi, ni da nake likitan. Masha Allah. Irinka ba a barinsu su zauna a gida."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Ratib. Ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Ya ɗaga wa dattawan ma, suka amsa.

Sannan ya juyo ya dubi matakalar.

Ya hau tara. Tarar nan ta kai shi kwanar farko, inda bango ya kare shi daga idon 'yan shago, kuma kamar jikin ya san da haka. Ƙafar dama ta mutu murus, ya aika mata saƙo ba ta amsa ba. Ya sulale ya zauna a kan dutse. Idonsa ya fara raba kowane abu biyu. Bai ji zuwan fitsarin ba sam, sai ɗumi da ya ji yana bin cinyarsa, ya duba ya ga wandonsa ya yi duhu, ruwan yana gangarawa daga wannan matakala zuwa waccan.

Nadama ta rufe shi, mai nauyi, irin wadda ba ta bar wa mutum wurin fushi da kowa. Babu wanda ya cuce shi. Likitan ya tambaye shi har sau biyu, matarsa ta roƙe shi da Allah. Shi da hannunsa ya ɗauki abincin gidansa na shekara guda ya zuba wa baƙo a finjali, don kada a ce a Karak an je gidan Abu Ziyad mace ta zuba gahawa.

Ya ji takun silifas daga sama. Intisar ce, da bargo a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Daga taga ta ga komai. Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, da ma ta yi masa da ya fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta yafa masa bargon a cinya, ta sa hannu a aljihun rigarsa ta zaro katin, ta danna lambobin ɗaya bayan ɗaya.

"Likitan bai kai shataletale ba," ta ce. "Ka ce masa ya dawo. Ba sai ka yi bayanin komai ba, ya zo ya gani da idonsa kawai. Ni zan ɗaga bargon, kai ka rufe ido."

"Ummu Ziyad..."

"Minti biyar ne na kunya, Ratib. Minti biyar. Karɓi, tana shiga."

Ya karɓa da hannu biyu don kada ta faɗi. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. A na uku aka ɗauka, da ƙarar titi a baya.

"Hazim ne, wa ke magana?"

"Abu Ziyad ne, likita."

"A'a, Abu Ziyad! Lafiya? Na manta wani abu ne?"

Ratib ya dubi jiƙaƙƙen dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya dubi matarsa, ta durƙusa a gabansa tana gyaɗa masa kai, leɓɓanta suna faɗin kalmomin da zai faɗa. Muryar da ta fito ita ce dai ta ɗazu, mai cika falo.

"Babu abin da ka manta, likita. Cewa na yi bari in ji ko ka gane hanya. In ka kai shataletale ka yi dama, kada ka bi ta kasuwa, cunkoso ne yanzu."

"Kai, Allah ya saka da alheri! Na gode ƙwarai. A gaida Ummu Ziyad."

"Za ta ji. Allah ya tsare."

Wayar ta mutu. Ya ci gaba da riƙe ta a kunne na ɗan lokaci, don in ya sauke dole ya dubi Intisar. Ita ta zare ta daga hannunsa.

"Gobe," ya ce, muryarsa ta koma ƙarama. "Gobe da sassafe zan kira shi in gaya masa komai. Wallahi zan kira."

Intisar ta ja bargon ta rufe masa har gwiwa, ta soke gefensa a ƙarƙashin cinyarsa.

"Yau da yamma ya ce zai tura," ta ce.

Daga can sama suka jiyo muryoyin wasu mata suna saukowa za su kasuwa. Ta tashi ta dawo ɓangaren hanya, ta zauna kusa da shi ta baza rigarta yadda za ta kare shi, kamar mutum biyu da suka fito shan iska.